Kwalbar haidurojin da goran ruwan Gwaggo

 Yau da laifina zan fara, don kada wata ta faɗa ramin da na faɗa.

A Babbar Sallar da ta wuce na je Gitata, kusa da Keffi, wajen gwaggona. Da aka gama aikin naman layya, katakon yanka ya yi jajir, ƙarni ya cika madafa, farin gyalenta kuma ya samu ɗigon jini. Sai na tuna da kwalbar haidurojin da take ajiyewa saboda ciwon yara. Na wanke katakon da omo na zuba masa, na ɗiga kaɗan a kan gyalen. Kumfa ta taso, tabon ya dushe. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe karatun naki yana da rana, 'yar nan." Na koma Keffi ina jin daɗi. Na koya mata yadda ake amfani da shi, na manta ban koya mata yadda ake ajiye shi ba.

Bayan mako biyu sai ga kiranta, murya na rawa. Ashe murfin kwalbar ya tsage, ta juye sauran a goran ruwa na roba ta ajiye a gefen randa. Jikanta ɗan shekara 4 ya dawo daga wasa da ƙishirwa, ya ga abu fari tas kamar ruwa, ya kurɓa. Ta ce, "Kumfa yake yi a baki, maƙwabta sun ce in ɗura masa manja." Na ce, "Gwaggo, don Allah kada ki ba shi manja, kada kuma ki sa masa yatsa ya yi amai. Ki wanke masa baki, ki ba shi ruwa kaɗan ya kurɓa, ku ɗauki ainihin kwalbar ku tafi asibiti." Allah Ya taƙaita, ɗacinsa ya sa yaron ya tofar da mafi yawa. An duba shi, aka sallame shi a ranar.

Uwargida, ga abin da ya kamata in faɗa mata tun farko. Haidurojin ferokzayid ɗan'uwan ruwa ne, sai dai yana ɗauke da ƙarin iskar oksijin. Wani masanin sinadarai ɗan Faransa, Louis Jacques Thénard, ya gano shi a 1818. Wannan ƙarin oksijin ne ke kashe ƙwayoyin cuta, yake kuma cinye launin tabo, daga nan sinadarin ya rikiɗe ya koma ruwa da iska. Haske da zafi suna gaggauta rikiɗewar, shi ya sa ake zuba shi a kwalbar da haske ba ya ratsawa. Kin ga ke nan juye shi a gora asara biyu ce: ya rasa ƙarfi, ga haɗari ga yara.

Kafin ki saya a kyamis, duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma duba ƙarfinsa. Za ki ga an rubuta kashi 3 ko kashi 6 cikin 100. Na kashi 3 ya isa aikin gida. Idan na kashi 6 ne, ki auna ki ƙara masa ruwa daidai yawansa, iya wanda za ki yi aiki da shi a lokacin. Wanda ake rina gashi da shi a shagon gyaran kai yakan fi haka ƙarfi, yana ƙona fata da ido, kada ya shigo madafarki.

Wajen aiki, sabulu ne a gaba. Maiƙo da ragowar nama suna cinye ƙarfinsa, don haka ki fara wanke katako ko wuƙa ko cikin firij tas, sannan ki zuba, ki bar shi minti 10, ki ɗauraye. Tabon jini kuwa a fara da ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana kama shi a jikin zare. Atamfa ko leshi mai launi, ki gwada a ɓoyayyen gefe tukuna, don yana iya koɗar da shi. Kwalbar da aka buɗe takan yi sanyi cikin 'yan watanni. In kina shakka, ɗiga kaɗan a kan ɗanyar hanta ko yankakken dankalin Turawa. Idan bai yi kumfa ba, ya zama ruwa.

Kada ki haɗa shi da komai. In ya gamu da ruwan khal sukan haifar da wani sinadari mai ƙona ido da maƙogwaro. In ya gamu da bilic irin Hypo ko Jik yakan tafasa ya fantsamo. Wankin bayan gida da daɓen da ɓera ya ɓata kuwa aikin bilic ne shi kaɗai.

Sai maganar ciwo, wadda na san za a yi mini musu. Kumfar da kike gani a kan rauni ba shaidar mutuwar ƙwayoyin cuta ba ce. Wani sinadari ne a cikin jini da tsoka, mai suna katales, yake fasa haidurojin, kamar dai yadda hanta ta yi. Yawan zuba shi yana lalata sabon naman da ke tsirowa, sai ciwo ya daɗe bai warke ba. Ruwa mai tsafta da sabulu sun wadatar ga ƙaramin rauni. Mai zurfi kuma na asibiti ne.

Da na koma Gitata na kai wa Gwaggo sabuwar kwalba, muka ɗora ta can saman kwaba inda hannun yaro ba ya kaiwa. Muka bi gidan muka tattara duk goran da ke ɗauke da kananzir ko maganin ƙwari. Uku muka samu. Ke ma yau, kafin ki kwanta, leƙa ƙarƙashin gado da bayan ƙofa ki ƙirga naki.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa.