Rumfa a Jikin Mota

A ƙauyukanmu na Jazira yaro yakan iya kafa rumfa tun bai haddace izu guda ba. Larabawan Sudan suna ce mata rakuba: turaku huɗu masu gwafa, karan dawa a sama. Ba mu taɓa zaton za mu kafa ta a jikin mota ba, sai a Disamba 2023, da yaƙi ya ci Wad Madani. Muka ɗora tsofaffi da yara a motar ɗaukar auduga, muka nufi Mai Wurno, kudu da Sinnar.

Mai ya ƙare a hanya, muka yi kwana uku a fili, tamfol ɗaya gare mu. Muka ɗaure gefensa a ƙarfen bodi, muka tokare ɗaya gefen da sanduna biyu, gajeru da gangan, domin iska ta zame ta sama. Baƙar ƙasar Jazira in ta bushe tsagewa take, ba ta riƙe turke. Sai muka cika buhuna da ƙasa muka ɗaure igiyoyin.

Gardamar ita ce ta wane ɓangare. Da hunturu inuwa tana arewa da motar, daga arewan kuma sanyi yake busowa. Malam, mahaifinmu, wanda kakanninsa suka iso ƙasar nan bayan yaƙin Burmi na 1903, ya ce: “Samari, da rana arewa, da dare kudu.” Sau biyu kullum muna kwancewa muna ɗaurawa, muna gunaguni a ɓoye, kakarmu tana tari a ƙarƙashinta, har Allah ya kawo mai sayar da mai a kan jaki.