Sabuwar Kwamfuta da Tsofaffin Haruffa Masu Ƙugiya

Kwamfutar da na rubuta kundin digirina na uku da ita ta shekara goma sha ɗaya a hannuna. A ƙarshen zamaninta batirinta ba ya riƙe wuta ko ta minti goma, murfinta kuwa sai an jingine shi da ƙamus kafin ya tsaya. Ina cikin lallaɓa ta sai ranar 14 ga Oktoba, 2025 ta zo, ranar da kamfanin Microsoft ya sanya tun tuni don daina aika gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ga Windows 10. Akwai ƙarin wa'adi na shekara guda ga wanda ya yi rajista, amma wannan jinkiri ne kawai. Windows 11 kuma tana da sharuɗɗanta: tana son wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel tana son furosesa daga zubi na takwas zuwa sama. Tsohuwata ba ta cika ko ɗaya ba.

Wata Asabar na kai kukana Kasuwar Singa, wurin yayana, wanda ya fi shekara ashirin yana sayar da sukari da fulawa da taliya a kan sari. Shi ne bankin gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, kuma malamin jami'a a wannan zamani ba ya jin kunyar faɗin haka. Muna zaune a bakin shago, masu dako suna ta wucewa da buhuna a ka, na ce masa na zaga shagunan kwamfuta na France Road a Sabon Gari, na ga na hannu masu kyau, wasu ma da araha har na yi mamaki.

Ya dube ni ya ce, "Dakta, a kasuwar nan idan ka ga an karya wa katon farashi, juya shi ka duba kwanan wata. Mai araha yawanci wa'adinsa ya kusa."

Ban taɓa jin wanda ya fassara mini lamarin a taƙaice kamar wannan mutum da bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba. Da yawa daga masu arahar nan 'yan zubi na shida ne da na bakwai, ƙarfensu lafiya lau, amma babbar manhajar da ke tafiyar da su ce wa'adinta ya ƙare. Sai dai kwamfuta ta bambanta da katon ɗin madara ta fuska ɗaya: ana iya juye abin da ke ciki a zuba wani. A nan na yanke shawarar da na daɗe ina ɗagawa, wato in koma Linux, manhajar da Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991 yana ɗalibi. Na zaɓi nau'inta da ake kira Ubuntu, wanda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya ƙaddamar a 2004. Sunan daga harsunan Zulu da Xhosa yake, ma'anarsa kusa da abin da muke kira mutuntaka. Kyauta ake sauke ta, kuma ba ta tambayar kwamfuta shekarunta da irin wannan tsanani.

Yaya ya ƙirgo kuɗi ya ba ni, bayan ya auna su da buhunan sukari a bakinsa kamar yadda ya saba auna komai, ya ce kada in biya sai na gwada.

Wannan gwaji shi ne abin da nake so duk mai niyya irin tawa ya riƙe. Ubuntu tana iya tashi daga filashi ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Na koma France Road da filashina a aljihu, na roƙi wani matashi mai shago ya bar ni in soka. Ya yi jim, ya ce, "Yallaɓai, ba za ta goge mini Windows ba?" Na ba shi tabbaci, ya tsaya a kaina yana kallo. Ta farko ta tashi da kyau, hoto garau, amma ta ƙi ganin wayfai ko ɗaya, alhali wayata tana ganin guda huɗu a wurin. Da na biya kafin in gane haka, da na kai gida akwatin da ba ya shiga intanet. Ta biyu sautinta ne ya ƙi fita. Ta uku, wata ThinkPad mai ram giga takwas, komai nata ya amsa: wayfai, sauti, kyamara, hasken sikirin, har barci da farkawa idan an rufe murfi. Na zare cajarta na zauna kusan awa guda ina hira da yaron don in ga gaskiyar batirin. Ita na saya.

Na zaci an gama. Ashe ciniki shi ne mai sauƙin.

Daren farko na kwafe takarduna, na buɗe kundina da LibreOffice, wadda ke maye gurbin Word a can. Gabana ya faɗi. Duk inda na rubuta ƙasa sai na ga }asa, ɗaya ta zama ]aya, ɓangare ya zama ~angare. Shafi bayan shafi, aikin shekara biyar, kamar an watsa masa ƙaya.

Matasan da suka tashi da wayar da ke rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba su san wahalar da aka sha kafin a kai nan ba. Lokacin da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu babu haruffa masu ƙugiya a cikinta. Wasu sukan buga k su bi ta da biro su yi mata ƙugiya, wasu su sa ɗigo ko waƙafi. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro zubin haruffan Hausa na kwamfuta, waɗanda aka sani da Rabi'at da Abdalla, kuma duk wanda ya yi nazarin Hausa a wancan zamani ya ci moriyarsu. Dabarar zubi irin wannan ita ce a ari gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba, a zana harafin Hausa a wurin. Idonka yana ganin ƙ, amma a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta baka ce a ajiye. Muddin zubin yana cikin na'urar, asiri a rufe yake. Daga baya tsarin Unicode ya bazu, inda kowane harafi yake da lambarsa ta kansa da kowace na'ura ta sani. Laifina ne ni da na ga hanya ta buɗe tun shekaru, na ci gaba da bin tsohuwar saboda yatsuna sun saba.

Akwai mafita mai sauƙi: in kwafo tsohon zubin in sa a sabuwar kwamfutar, komai ya koma daidai a ido. Na yi hakan, kuma ya yi aiki. Amma na kasa barci a kan wata tambaya. Idan na mutu, ko filashin da zubin yake ciki ya ɓace, wa zai karanta wannan? Kuma ko ina raye, ɗalibin da ya nemi kalmar ƙarangiya a cikin kundina ba zai same ta ba, domin a wurin na'ura babu ita. Na tuna ɗaruruwan kundayen digiri da mujallun sassan Hausa da aka buga ta wannan hanya, waɗanda wasunsu suna intanet yanzu cike da baka da alamomi, injin bincike yana wuce su kamar ba Hausa ba ce. Muna kukan cewa harshenmu ba shi da yawa a intanet, alhali wani kaso na mafi ingancin abin da muka rubuta yana nan a kulle da makullin da muka ƙera da hannunmu. A ganina wannan aiki ne da ya kamata sassanmu da ɗakunan karatunmu su ɗauka, ba kowane malami shi kaɗai da tsakar dare ba.

Na fara juyar da nawa. A jerin madannan Ubuntu akwai tsarin Hausa na Nijeriya, don haka sabon rubutu ba matsala. Tsohon ne mai cin rai. Na umarci na'ura ta musanya kowace ] da ɗ a babi na biyu gaba ɗaya, na manta cewa ni mai nazarin furuci ne, kuma bakar nan ita muke rufe sautuka da ita. Cikin ƙiftawar ido misalaina duka suka lalace. Allah ya sa ina da kwafi. Tun daga ranar nake bi a hankali, ina musanya waɗanda ke cikin tsohon zubin kaɗai, sannan in karanta da ido.

Sauran sauye-sauyen ba su kai a ba da labarinsu ba. Na'urar buga takarda ta sashenmu ta amsa ba gardama. Jadawalin wasu takardun ɗalibai yakan ɗan goce idan sun aiko daga Word, sai na ce su haɗo da PDF. Shigar da sakamakon jarrabawa kuwa ta intanet ake yi, bai san ma na sauya gida ba.

Asabar da ta wuce na kai wa Yaya kason farko na bashinsa. Ya tambaye ni ko kayan sun yi albarka, na ce ina babi na huɗu, saura uku. Ya jawo kwamfutar da yaronsa ke rubuta lissafin shago a ciki, bashin 'yan kasuwar ƙauye na shekaru duk yana nan, ya tura mini ita a kan buhu ya ce in juya ta in duba masa kwanan watanta.