Ƙugin Tambari da Ƙugin Kwamfuta

Cikin muryoyin kiɗa duka babu mai kwarjini kamar ƙugi, watau amon nan mai kauri wanda ƙirji kan riga kunne jinsa. Mutanen da sun san haka, shi ya sa suka keɓe manyan muryoyi ga sarauta. Tambari ba a kaɗa shi sai don sarki. Kakaki kuwa, Tarihin Kano ya ce Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi aka fara busa wa. Talaka in ya jiyo su daga nesa, iyakarsa ya tsaya ya saurara. Yau ga shi ɗan manomi yana zaune cikin shago da 'yar kwamfuta bisa gwiwa, yana fid da ƙugin da ya fi na tambari zurfi.

Masana sun auna sauti, sun tarar ba wani abu ba ne illa kaɗawar iska. Kunnen ɗan Adam yana jin abin da ya kaɗa daga sau 20 har zuwa sau 20,000 cikin sakan ɗaya. Abin da ya kaɗa da sauri muryarsa siririya ce, kamar sarewa; wanda ya kaɗa a hankali muryarsa mai kauri ce. Ƙugin da masu haɗa kiɗa ke kira bes na can ƙasa yana tsakanin 20 da 60. A 1980 kamfanin Roland na Japan ya ƙera wani akwatin kiɗa mai suna TR-808, gangarsa tana da dogon ƙugi irin wannan, har yau kuwa da lambar nan 808 ake kiransa. Yanzu samari kan sami irinsa cikin manhajar kwamfuta, kamar FL Studio.

Akwai wani saurayi a ƙasar Bunkure, jikan wani tsohon makaɗin gangar noma. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudana zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, mutane suka dukufa ga noman rani, ga shinkafa, ga alkama, ga tumatir. Kwanci tashi gayya ta yi ta raguwa, masu biki suka koma hayar lasifika, gangar tsohon ta zama abin rataye a bango. Jikan nan da rana yana ban-ruwa a gonar ubansa, da dare yana haɗa wa 'yan biki kiɗa.

Da fari ya sa kwamfuta ta fid da murya guda mai kaɗawa sau 50, ya ja ta da tsawo. Ta yi kauri sarai, amma ba ta da rai, sai ka ce itacen da aka yar. Ran nan yana gona, sai ya lura da injin ban-ruwansu da na maƙwabcinsu suna aiki tare. Da ya ke ɗayan ya ɗan ɗara ɗayan sauri, rurinsu ya kan taso ya lafa, ya taso ya lafa, kamar numfashin mai barci. Da ya koma gida ya aza murya mai 52 bisa mai 50, sai ƙugin ya riƙa kumbura yana saɓewa sau biyu kowane sakan, gwargwadon bambancin da ke tsakaninsu. Sa'an nan ya tace shi, ya zubar da tsakin muryoyi sirara, kamar yadda mace kan tankaɗe gari.

Amma da abokansa suka kunna kiɗan a wayarsu, ƙugin ya ɓace ɗungum. Dalili kuwa, igiyar sauti mai kaɗawa sau 50 tsawonta ya kusa mita 7, bakin waya kuwa bai fi ƙwayar wake ba, ba shi iya tura iskar da za ta ɗauke ta. Maganin abin shi ne a ɗiga muryoyi masu 100 da 150 a bisanta kaɗan kaɗan. In kunne ya ji waɗannan, shi da kansa ya kan cike uwar da ba ta fito ba.

To, da yaro ya ga abu ya kamu, sai daɗi ya kwashe shi. Ya yi ta ƙara ƙugi har ya binne muryar mawaƙi, a wani biki ma takardar lasifika ta yage. Kakansa ya kira shi ya ce, "Kai abokina, zo in gaya maka. Babbar ganga ba ta surutu. In ta faɗi guda sai ta yi shiru, ta bar wa mai waƙa fili. Kai da ke ban-ruwa, ka taɓa ganin an sakar wa fangali biyu ruwa gaba ɗaya?" Yaro ya ce, "A'a, Kaka, sai an toshe bakin wannan kana a buɗe na wancan." Tsoho ya ce, "To, je ka yi haka nan." Sai ya shirya kwamfutar yadda duk sa'ad da ganga ta buga ƙugi zai sunkuya, in ta wuce ya ɗago. Nan da nan waƙa ta fito tangaran, kaurin kuwa bai ragu ba.

Lalle muryar da ta ke ta fada kaɗai ta shigo hannun talaka, wannan kuwa abin murna ne. Sai dai tambari yana da lokacinsa, yana da mai ba da iznin kaɗa shi, kwamfuta kuwa ba ta zo da ko ɗaya ba. Ƙugi ya fi kowace murya ratsa bango, in an sake shi tsakar dare majinyaci da tsoho da mai jego ba su runtsawa, ga manomi zai yi sammakon ban-ruwa. Saboda haka ya kamata mai wannan sana'a ya koyi awo kamar yadda ya koyi kauri. Ko shinkafa da ke son ruwa, in ya shanye kanta ruɓewa ta kan yi. Allah ya ba samarinmu basira.