Gyaran Madafar Gidana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana malamai da akawuna labarin wani aiki da na yi a gidana, ko wani ya ƙaru da shi.

Ni malamin makaranta ne a ƙasar Ajingi. Madafar gidanmu tun ta zamanin mahaifina ce, ɗan ɗaki na tubali mai rufin azara, ba taga, sai ƙofa guda. Murhu duwatsu uku ne, bango kuwa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Shekara goma sha takwas uwargidana tana girki a ciki, ban taɓa tsayawa na duba ba, don mu maza iyakarmu da madafa a kawo mana akushi. Da daminar 2022 tari ya kama ta, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, idanunta kullum jawur. Na kai ta asibiti a Gaya. Likita ya tambaye ni da me take girki, kuma a ina. Da na faɗa masa, sai ya ce hayaƙin ɗanyen itace da kara a rufaffen ɗaki shi ke cin huhunta, da na yarinyar da take goye da ita. Daga baya na karanta cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 3.2 ne hayaƙin cikin gida ya kashe a shekarar 2020.

Na yi niyyar gyara, amma na yi ta jinkiri har bayan kakar 2023. Ga shi kuwa a watan Mayu na shekarar nan aka janye tallafin man fetur, kome ya tashi, har kuɗin ɗauko yashi. Na sayar da buhun gyaɗa huɗu, na kuma kora ɗan bijimina kasuwar Wudil ran Juma'a, wanda da ma na ajiye shi don auren babban ɗana. Kuɗin duka ya tafi ga bulo, da siminti buhu goma sha biyu, da kwano bandir guda, da katako, da ladan birkila da kafinta.

To, a nan ne na yi wautar da ta sa na rubuto. Na taɓa ganin madafar wani abokina a birnin Kano, an gina kanta dogo har ƙugu, an shimfiɗa masa tayil, ana girki a tsaye da gas. Na sa birkila ya yi mini irinta, ban shawarci kowa a cikin gida ba, wai ni zan ba su mamaki. Ran da aka gama na kira uwargida. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Amma tuwon mutum goma sha huɗu, a tsaye zan tuƙa shi?" Ban sami amsa ba. Ashe mai tuƙa tuwo sai ta zauna a kujera 'yar tsugunne, tukunya ta kafu a ƙasa, sa'an nan ƙarfin kafaɗa ya sauka kan muciya. Gas kuma bai yi mana mako biyu ba ya ƙare, cika shi kullum ya fi ƙarfin albashina. Ba a jima ba na tarar an mai da duwatsu uku tsakar gida, kaji sun tare a sabuwar madafa.

Mahaifiyata ce ta fid da ni kunya. Ta sa aka rushe rabin kantan, ta kira wata tsohuwa maginiyar tukwane ta gina murhun laka mai baki biyu a ƙasa, wuta a rufe, ba ta watsewa gefe. Na je Gaya wurin wani maƙeri ya naɗe mini bututun ƙarfe da ke fid da hayaƙi ta saman rufi. Maƙeran Gaya kuwa ba a raina su, tun da tarihi ya ce Abagayawa ne suka je Dala neman tama, suka zauna. Aka fasa taga biyu suna duban juna. Wannan duka bai kai kuɗin tayil ɗin da na fasa ba.

Yanzu itacen da muke ƙonawa cikin kwana uku yana kai mu biyar. Tarin uwargida ya yi sauƙi ƙwarai, ko da yake da hunturu yakan taso mata. Auren ɗana kuwa sai da aka ɗaga shi shekara guda, har yau in an ambaci bijimin nan yakan sunkuyar da kai.

Abu guda ya rage mini. Rufin kwano da bazara zafi gare shi kamar tanda, abin da azarar mahaifina ba ta taɓa yi ba. In akwai mai karatu da ya san dabarar sanyaya shi ba da kuɗi mai yawa ba, ina roƙonsa ya rubuto ta wannan fili kafin watan Maris.

Wassalam. Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Ajingi.