Madugan da ba su bin ayari

Madugu shi ke gaban ayari, yana ganin hanya da idonsa. Amma akwai wasu madugai da ba su taɓa bin ayarinsu ba. Su ne masu jagorar kumbo zuwa wasu duniyoyi. Suna zaune a birnin Pasadena na ƙasar Amurka, kumbon kuwa ya yi nisan da ido ba ya kaiwa.

To, ƙaƙa suke sanin inda yake? Da rediyo. Suna da manya-manyan faya-fayen saurare a Kalifoniya da Sipaniya da Ostiraliya. Duniya tana juyawa. In kumbo ya ɓace wa wannan faifai, sai wancan ya kama shi.

Ana aika wa kumbo saƙo, shi kuma ya maido nan take. Saƙon rediyo yana cin kilometir 300.000 a sakan guda. In ya yi minti 20 zuwa da komowa, to zuwa kaɗai minti 10 ne, wato sakan 600. Nisan kumbo ke nan kilometir miliyan 180.

Gudunsa kuma a murya ake gane shi. Mota in ta doso mutum, kukanta siriri ne. In ta wuce, sai ya yi kauri. Haka saƙon kumbo yake sakewa. Da nisa da gudu ake lissafa hanyarsa.

A shekarar 1998 aka harba kumbo Mars Climate Orbiter zuwa duniyar Mars. Kamfanin da ya ƙera shi yana auna ƙarfin ƙananan injunansa da ma'aunin fam. Madugai kuwa sun ɗauka ma'aunin niyuton ne. Alhali fam guda ya fi niyuton 4. Wasu madugai sun lura awon rediyo bai jitu da lissafi ba. Sun faɗa, ba a bi diddigi ba.

Ran 23 ga Satumba 1999 kumbo ya isa. An so ya wuce kilometir 226 bisa Mars, sai ya gangara wajen kilometir 57. Ya shiga bayan Mars, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Aikin shekaru ya salwanta.

Wanda ya ce «goma» bai gama magana ba, sai ya faɗi goma na mene ne: tiya ko buhu.