Akwai Yaƙin da Ake Ci da Gudu

Mun taso muna jin cewa namiji ba ya gudu. Shi ya sa idan sha'awar jiki ta taso mana, mukan tsaya mu gwada ƙarfi da ita. Mukan ce za mu duba sau ɗaya kawai, ko mu amsa saƙon sau ɗaya, ai mun san inda za mu tsaya. Amma Maganar Allah ta koya mana wata hanya dabam. A Yakubu 4:7 an umarce mu mu yi tsayayya da Iblis. Sa'ad da aka zo kan fasikanci kuwa, Bulus ya gaya wa Korantiyawa su gudu (1 Korantiyawa 6:18), haka kuma ya gaya wa Timoti game da sha'awar ƙuruciya (2 Timoti 2:22).

Mu dubi Yusufu a Farawa 39. Yana ɗan shekara 17 sa'ad da labarinsa ya fara, aka sayar da shi Masar. Ba iyaye kusa, ba wanda ya san gidansu. Matar Fotifar ta matsa masa kowace rana. Abin lura shi ne, tun kafin ranar da ta kama rigarsa, ya riga ya ƙi ko zama kusa da ita. Ya kuma kira abin da sunansa: zunubi ne ga Allah, cin amana ne ga maigidansa. Da ranar ta zo, bai tsaya neman shawara ba, domin ya gama shawarar tun tuni. Ya bar riga, ya tsira da ransa.

Dawuda kuwa, a 2 Sama'ila 11, ya zauna a Urushalima a lokacin da sarakuna ke fita yaƙi. Da yamma ya tashi daga gado, ya hau soro, ya hangi Batsheba. Har a nan ƙofa tana buɗe. Amma ya aika a tambayo ko wace ce. Aka gaya masa matar Uriya ce, nan ma ƙofa tana buɗe. Sai ya aika aka kawo ta. Kowane taki ƙarami ne, amma ƙarshensa ƙarya da kisan kai.

Soron namu yau yana cikin aljihunmu. Waya ce da tsakar dare, bayan kowa ya yi barci. Hira ce a WhatsApp da muke gogewa don kada wani ya gani. Ɗakin aboki ne da muka san ba kowa a ciki. Duk abin da ba za mu so 'yan'uwa a zumunta su gani ba, ya riga ya gaya mana ko shi mene ne.

Kada mu ruɗi kanmu, gudu yana da tsada. Yusufu ya yi abin da ke daidai, aka yi masa ƙazafi, aka jefa shi kurkuku. Sai da ya kai shekara 30 kafin ya tsaya gaban Fir'auna. Mu ma za a iya yi mana dariya, saurayi ya juya baya, budurwa ta ce mun cika tsoro. Amma Ubangiji yana tare da Yusufu a kurkukun nan. Jikinmu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, da jinin Yesu aka saye shi.

To, ina za mu gudu? Bulus bai ce wa Timoti ya gudu shi kaɗai ba, ya haɗa shi da masu kira ga Ubangiji da tsabtar zuciya. Mu nemi ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai riƙon amana da za ta iya yi mana tambaya mai wuya. Mu ajiye waya nesa da gado. Mu share lambar da muka san inda take kai mu. Tun ran gini, ran zane.

Wanda ya riga ya fāɗi, kada ya gudu daga ikkilisiya. Da annabi Natan ya zo, Dawuda ya furta zunubinsa, Allah kuwa ya gafarta masa, ko da yake gidansa ya sha zafin abin. Zabura 51 tana nan dominmu.

Ya Uba, ka ba mu ido mu ga hanyar tsira, da ƙafar bin ta tun da wuri. Cikin sunan Yesu. Amin.