Ɗakinta, Gidansa: Bashin Gina Gida Bayan Mutuwar Aure a Rigachikun

A bakin Bahaushe, namiji ne mai gida, mace kuwa ɗaki gare ta. Idan aka sasanta rikicin aure sai a ce ta koma ɗakinta, idan ya mutu kuma a ce ta tafi gidansu. Wannan rabo na harshe ya dace da zamanin da miji ke gina gida shi kaɗai, iyayen amarya su cika ɗaki da gara da jere. A Rigachikun, cikin Ƙaramar Hukumar Igabi, inda ma'aikata ke sayen filaye a gefen hanyar Zariya saboda tsadar cikin Kaduna, albashin mata ya shiga ginin, amma harshen yana nan inda yake.

Misali, malamar makaranta da mijinta ma'aikacin gwamnati. Dokar Asusun Gidaje na Ƙasa ta 1992 ta sa ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashinsu, wannan ya ba su damar neman rance daga Bankin Jinginar Gidaje na Tarayya a kan ruwa kashi 6, da za a iya biya har shekara 30. Mijin ya karɓi rancen da sunansa. Ita kuma ta ci bashin ƙungiyar gama-kai ta wurin aikinta aka yi rufi, ta kwashi adashi aka sa ƙofofi, ta ɗauke masa cefane domin albashinsa ya isa biyan banki. Sai saki ya auku. Idda takan cika cikin wata uku ko kusa da haka, bashi kuwa ba shi da idda: ana ci gaba da yankar albashinta saboda rufin da wata amarya za ta kwana a ƙarƙashinsa.

Fiƙihun Malikiyya bai haɗe dukiyar mata da ta miji ba, kuma a kansa matsuguni da ciyarwa suke. Saboda haka tambayar da ke gaban alƙali ita ce, kuɗin da ta zuba kyauta ne, ko rance, ko tarayya? Idan rance ne a mayar mata da adadinsa, wanda faɗuwar darajar naira ta riga ta cinye. Idan tarayya ce, tana da kaso a gidan bisa kimarsa ta yau, kuma idan ɗayansu ya sayar wa bare da nasa kason, ɗayan na da haƙƙin shuf'a. Tazarar da ke tsakanin hukuncin biyu mai faɗi ce ƙwarai, kuma kawo hujja a kan mai da'awa yake. A nan kunya ke yi wa mace ɓarna, domin wadda ta nemi miji ya sa hannu a takarda sai dangi su ce tana yi wa aurenta mugun fata, alhali aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka.

Akwai kuma wahalar kotu biyu. Saki da riƙon 'ya'ya na kotun shari'ar Musulunci ne, amma Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ba Babbar Kotu hurumin filin da ke da takardar mallaka ta gwamna, ta kuma hana sauya mai shi ko jinginar da shi sai da amincewar gwamnan. Ko da dattawa sun sasanta su a zaure, sunan da ke rajistar hukumar KADGIS da wanda ke littafin banki ba sa canzawa da shaidar baki.

Shi ya sa sulhun da ya fi ɗorewa shi ne wanda ya fara da lissafi: a kimanta gidan, a cire ragowar bashin banki, a raba saura gwargwadon abin da kowa ya zuba. Cefanen da ta ɗauke ya kamata ya shiga lissafin, tunda ba wajibinta ba ne. Wanda zai zauna ya biya ɗayan kasonsa, ya karɓi bashin gaba ɗaya a rubuce da sanin banki. Inda babu mai ƙarfin hakan, a sa haya ta riƙa biyan bankin har 'ya'ya su tasa, kodayake wannan na nufin mutum biyu da suka rabu za su ci gaba da haɗuwa a kan takardar ɗan haya duk shekara.